Darasin Kasuwa: Riƙe Hannun Jari Sa'ad Da Farashi Ya Karye

Yau za mu ɗan ajiye maganar buhun gero da bandir ɗin atamfa, mu yi karatu a kan hannun jari, watau ɗan rabon da mutum kan saya a cikin kamfani, ya zama shi ma yana da haƙƙi a ribarsa da asararsa. Abin da ya sa muka ɗauko maganar kuwa, tambaya ce da ake yawan yi a bakin rumfa: mutum ya sayi hannun jari da niyyar riƙewa shekara goma, ba a yi wata shida ba farashi ya karye. To, ya sayar ne ya tsira da abin da ya saura, ko ya daure?

Duk wanda ya taɓa ajiyar hatsi ya san wannan tambaya tun kafin a yi ta. Mutumin Dawanau yakan sayi masara da kaka, sa'ad da kaya suka cika kasuwa manomi kuma yana neman kuɗi, ya zuba a sito, ya jira bazara ko tsakiyar damina. Tsakanin saye da sayarwa farashi yakan yi rawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau motoci su shigo da yawa buhu ya sauko, gobe a ji raɗe-raɗin gwamnati za ta buɗe rumbunanta kowa ya rikice. Wanda ya san sana'arsa ba ya fasa sito don raɗe-raɗi. Amma fa yakan shiga lokaci-lokaci ya soki buhu ya duba, domin in ƙwari sun shiga ko danshi ya kama, jira ya zama ɓarna. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Kasuwar hannun jari ta Nijeriya an kafa ta a Legas a 1960, aka fara ciniki a 1961. An buɗe mata reshe a Kaduna a 1978, a Kano kuma a 1989. Da yawa daga iyayenmu sun fara ganin takardar hannun jari ne bayan dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin Turawa sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu. Kasuwar tana da ma'auni, kamar a ce an zuba farashin dukan kamfanonin da ke cikinta a mudu ɗaya. An fara wannan awo a watan Janairu 1984, aka sa masa lamba 100. In lambar ta hau, kasuwa gaba ɗaya ta hau, in ta sauka ta sauka. Da wannan lamba za mu yi karatun yau.

A shekarar 2004 gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya ƙara jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka harhaɗe suka koma 25. Don su tara wannan kuɗi sai suka fito suna tallar hannun jari a rediyo da jarida, har cikin kasuwanni. Mutane suka saya, farashi ya hau, wanda ya saya ya ba maƙwabcinsa labari, shi ma ya saya, farashi ya ƙara hawa. Abin ya kai wasu sun sayar da fili, wasu sun kwashe jarin shago. Mafi muni, bankunan da kansu suka riƙa ba mutane rance don su sayi hannun jari, hannun jarin da aka saya kuma shi ne jingina. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'auni ya kai 66,371.

Daga nan sai kasuwa ta juya baya. Rikicin kuɗi ya ɓarke a Amurka, babban bankin nan Lehman Brothers ya rushe a watan Satumba, masu kuɗin ƙetare suka riƙa janye dukiyarsu daga ko'ina. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta sauko ƙasa da dala 40 a Disamba. A watan Agusta hukumomi sun kafa doka cewa kada farashin kowane kamfani ya faɗi fiye da kashi 1 cikin 100 a rana guda. Kowane dillali zai iya gaya musu abin da zai biyo baya: in aka hana kaya sauka zuwa inda mai saye yake, ciniki ne ke tsayawa. Masu sayarwa suka yi layi, babu mai taya. Aka janye dokar a Oktoba, farashi ya ci gaba da gangarawa. Shekarar ta ƙare ma'auni yana 31,450, a watan Maris 2009 kuwa ya sauko ƙasa da 20,000. Watau cikin shekara guda, naira 100 ta koma naira 30.

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata kowa ya haddace. Abin da ya faɗi daga 100 zuwa 50 ya rasa rabi, amma sai ya ninka kansa sau biyu kafin ya komo. Wanda ya faɗi daga 100 zuwa 30 sai ya ninka fiye da sau uku. Shi ya sa komowa ta fi faɗuwa daɗewa. Kuma lalle ta daɗe. Ma'aunin kasuwarmu bai sake taka lambar Maris 2008 ba sai a ƙarshen Agusta 2023. Shekara goma sha biyar da 'yan watanni ke nan. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da kasuwa ta kai ƙoli, ya isa tsaron shago kafin kuɗin ubansa su komo a takarda. Duk wanda ya ce muku haƙuri a wannan kasuwa na wata uku ne ko shekara ɗaya, ku karanta masa wannan.

To, su wa suka tsira, su wa suka halaka? A nan darasin yake.

Mu fara da mai rance. Shi ba a ma tambaye shi ko yana da haƙuri ba. Da jinginar ta faɗi ƙasa da bashin, sai banki ya ce ya ciko ko a sayar. Aka sayar masa a ƙasan rami, kuɗin ruwa kuma yana ta hawa, ya wayi gari babu hannun jari, ga bashi. Haka yake ga wanda ya zuba kuɗin hayar rumfa, ko kuɗin sarin kaya, ko na auren 'yarsa. Ranar buƙata ba ta duban farashi. Mai ajiyar hatsi da kuɗin wani, ranar da mai kuɗi ya zo ita ce ranar fasa sito, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Saboda haka kuɗin da za a sa a hannun jari su zama waɗanda mutum zai iya mantawa da su shekara biyar zuwa goma, gida yana ci, shago yana tafiya. In babu irin wannan kuɗi, lokacin shiga bai yi ba tukuna, ba kuwa abin kunya ba ne.

Sai wanda ya yi haƙuri amma ya zuba kome a wuri ɗaya. Ranar 14 ga Agusta 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank da Intercontinental da Oceanic da Union da FinBank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Cikin abubuwan da bincike ya tono har da ɗimbin rancen sayen hannun jari da ya ƙi biyuwa. A watan Agusta 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka mayar da su sababbin bankuna a hannun hukuma. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari kuwa takarda kawai ta rage musu. Ku lura da wannan bambanci, don mutane da yawa ba su san shi ba sai da abin ya auku: mai ajiya bashi yake bin banki, mai hannun jari shi ne mai banki, in kuwa gida ya rushe mai gida ne na ƙarshen ɗaukar abin da ya saura. Wanda ya riƙe irin waɗannan bankuna shekara uku yana cewa za su farfaɗo, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, sai dai buhunsa ƙwari sun riga sun cinye. Falke mai hankali ba ya loda dukan kayansa a mota guda in hanya ba ta da kyau. A raba: siminti, sukari, gari, waya, kayan gona. Kuma a raba a kan sana'o'i dabam-dabam, domin sayen bankuna biyar a 2007 ba rabawa ba ne, hanya ɗaya dukansu suka bi.

Na uku shi ne wanda muke so mu yi koyi da shi, mai saye kaɗan-kaɗan a kan ƙa'ida, ko kasuwa na sama ko tana ƙasa. Bari mu buga misali da ƙagaggen lissafi don a gane yadda abin ke aiki. Mutum biyu, kowa da naira 400,000. Na farko ya zuba duka rana ɗaya, hannun jari yana naira 50, ya sami guda 8,000. Na biyu ya raba kuɗinsa huɗu. Ya sayi na 100,000 a kan naira 50, ya sami 2,000. Farashi ya faɗi zuwa 25, ya sake sayen na 100,000, ya sami 4,000. Ya faɗi zuwa 20, ya sami 5,000. Ya farfaɗo zuwa 40, ya sami 2,500. Jimla guda 13,500, kowane ɗaya ya tsaya masa a ƙasa da naira 30. A farashin 40, kayan na farko sun tashi naira 320,000, yana cikin asara. Na biyu nasa sun tashi 540,000, alhali farashi bai ma komo inda ya fara ba. Faɗuwar da ta sa wani kuka, shi araha ta zame masa. Gaskiya ne da a ce farashi hawa ya yi ta yi ba sauka, na farko ne zai fi riba. Amma wa ya san gobe? Rabawar nan kuɗin rashin sani ne, mu kuwa a ganinmu ba ta yi tsada ba.

Wuyar wannan hanya ba a lissafi take ba, a zuciya take. Saye na uku, sa'ad da farashi ya koma 20 kowa yana gudu, shi ne mai wuya, shi ne kuma ya fi kawo riba. Mu duba 2020. Da annobar korona ta zo aka rufe garuruwa, mai ya karye, ma'auni ya sauko kusan 20,700 a watan Afrilu, kusa da ramin 2009. Mutane da yawa da suka daure shekara goma sha biyu, a nan suka gaji suka sayar. Kafin ƙarshen Disamba na wannan shekara ma'auni ya kai 40,270. A Janairu 2024 ya haye 100,000. Wanda ya fita da niyyar komowa in ƙura ta lafa, ya komo ya tarar kaya sun ninka. Kasuwa ba ta yin shela ranar da za ta juya. Mai fita da shiga sai ya yi daidai sau biyu, ranar fita da ranar komowa, ga la'ada sau biyu.

Maganar la'ada kuwa, 'yan'uwanmu dillalai ku gafarce mu, ku kun fi kowa sanin ta. Dillali yana ci in an saya, yana ci in an sayar, ranar da ba a yi ciniki ba ne kawai ba ya ci. Haka dillalin hannun jari yake. Ba mu ce mugu ne ba, sana'arsa ce. Sai dai in ya bugo waya yau ya ce saki wannan ka kama wancan, mako mai zuwa ya ce saki wancan, ka tambayi kanka wa ke ƙaruwa da wannan zirga-zirga.

Abin da ke taimakon mai riƙewa ya daure shi ne rabon riba. Kamfani mai lafiya yakan raba wa masu hannun jari wani abu daga ribar shekara, gwamnati ta cire kashi 10 cikin 100 haraji, saura ya shigo asusu. Kamar nono ne ga mai saniya: ko farashin shanu ya faɗi a kara, tatsa ba ta tsaya ba. Ga misali daga abin da ya auku, ba don muna tallar kowa ba. Kamfanin simintin Dangote, wanda ya shiga kasuwa a 2010, hannun jarinsa ya sauko ƙasa da naira 130 a lokacin korona, amma a shekarar ya raba naira 16 a kan kowane ɗaya. Ya raba 20 a kan ribar 2021 da ta 2022, sa'an nan 30 a kan ta 2023. Ma'aunin da muka yi ta ambata farashi kawai yake aunawa, ba ya lissafa wannan rabo. Wanda ya riƙa karɓar rabonsa yana mayarwa cikin saye a shekarun nan goma sha biyar, ya fita daga rami tun kafin ma'auni ya fita. Wani lokaci kuma kamfani kan yi gyara, ya ƙara wa mutum hannun jari kyauta gwargwadon abin da yake riƙe da shi.

Yanzu mu koma ga sukar buhu. Yaya mutum zai gane ko farashi ne kawai ya faɗi ko kaya ne suka lalace? Tambaya ta fari: kasuwa ce duka ta sauko, ko nawa ne kaɗai? In kowa na gangarawa, iska ce. In kowa na hawa nawa yana sauka, ruwa ba ya tsami banza. Sa'an nan a nemi rahoton shekara na kamfanin, in ba a iya karantawa ba a kai wa wanda ya iya, a duba abu uku da kowane mai shago ya sani: ciniki yana ƙaruwa? Bashi ya fi ƙarfin jari? Masu riƙon amanar wurin suna fito da lissafi a kan lokaci? Kamfanin da ya shekara bai fito da lissafinsa ba, ko hukuma ta shiga ta kori shugabanninsa, ba wurin gwada haƙuri ba ne.

Ba kullum amsar ke fitowa fili ba. Da aka saki naira a watan Yuni 2023 ta faɗi warwas, manyan kamfanoni masu bashin dala irin su MTN da Nestle suka bayyana asara mai yawa, rabon riba ya tsaya. Wanda ya dubi asarar kawai zai ce ƙwari sun shiga. Wanda ya dubi titi ya ga har yanzu kowa yana sayen kati yana buga waya, zai ce rauni ne daga waje, jiki da sauran ƙarfi. MTN ya komo cin riba a 2025. Amma akwai lalacewar da ba ta komowa, Kano ma shaida ce. Dalar gyada ta tafi bayan farin 1973 da cutar da ta kama gyada a 1975, ga kuma kuɗin mai da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Wanda ya zauna jiran dalar gyada ta komo don ya san darajarta a dā, har yau yana jira. Sana'a sukutum takan mutu, kamfani kuwa ba ya fin sana'arsa tsawon rai.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da ba za mu ɓoye ba. A farkon 2008 dala ɗaya tana wajen naira 118. A Agusta 2023, ranar da ma'auni ya komo lambarsa ta dā, dala ta haura naira 700, a 2024 kuma ta wuce 1,500. Ashe wanda ya saya a ƙoli ya jira shekara goma sha biyar, lambar kuɗinsa ce ta komo, ƙarfinsu bai komo ba. Ya tuna buhun shinkafa nawa kuɗin za su saya a 2008, ya gwada yanzu. Don haka in za ku auna ribarku, ku auna da buhu ko da ɗan maraƙi, kada ku auna da naira kaɗai. Sai dai wanda ya sayar a 2009 ya ƙulle kuɗin a akwati ya fi shi shan kashi, domin shi ya ɗauki asarar kashi 70, sa'an nan tsadar kaya ta cinye sauran. Kuɗin da ke kwance ma suna faɗuwa, ba a dai buga farashinsu a jarida ne.

Masu tambaya game da halacci, kasuwar tana da wani ma'auni dabam da aka kafa a 2012 mai suna Lotus Islamic Index, wanda ke tace kamfanoni, ya fitar da masu harkar kuɗin ruwa da giya da caca. Bankin Jaiz ma ya shiga kasuwar a 2017. Mai son ƙarin bayani ya nemi malaminsa. Kuma kada a haɗa wannan karatu da irin su MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Can babu masana'anta, babu kaya, babu ciniki, kuɗin na baya ake ba na gaba. Ba a yin haƙuri da abin da babu shi.

Shawararmu ita ce mutum ya rubuta shirinsa tun ranar da hankalinsa ke kwance, a littafin da yake rubuta bashi da sari: nawa zan riƙa sa wa, duk wata nawa, a kamfanoni nawa, shekara nawa zan riƙe, da kuma dalilan da za su sa in sayar. Dalilan su zama na lafiyar kamfani ko na buƙatar da aka tsara tun farko, kamar gini ko karatun yara. In wannan buƙata ta matso, saura shekara biyu ko uku, a fara fitar da kuɗin kaɗan-kaɗan yadda aka shigar da su, kada a bari ranar biya ta faɗo a shekara irin 2009. Ranar da kasuwa ta rikice, a buɗe littafin a karanta kafin a ɗauki waya. Duba farashi kuwa, sau ɗaya a wata ya isa.

Saura abu guda da ke cinye dukiyar masu dogon riƙo ba tare da kasuwa ta faɗi ba, shi ne sakaci da takardu. Hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar, ta sha sanar da cewa rabon ribar da masu shi ba su karɓa ba ya haura naira biliyan 100. Wani ya sake gida, wani ya sayi hannun jari da suna iri biyu, wani ya rasu iyalinsa ba su san yana da kome ba. Yanzu ba a aiki da takardar shaida irin ta dā, ana ajiye hannun jari ne a rijistar CSCS, kowa da lambarsa. A tabbata dillalin da aka bi yana da rijista da hukuma, a cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusun banki kai tsaye, sunan da ke banki ya zo daidai da wanda ke rijista. Wanda ke da tsofaffin takardu na mahaifinsa a adaka, ya fito da su ya kai wa dillali a bincika, wasu kamfanonin sun sake suna ko sun haɗe da wasu amma haƙƙin yana nan. Sa'an nan a rubuta sunayen kamfanoni da lambar CSCS da sunan dillali a takarda ɗaya, a ba babban ɗa ko uwargida su adana.